Yadda Abokai Za Su Zagaya Tukubar Nama da Teburin Shayi na Yamai Su Ba Su Maki

Kusan kowace fada, wato majalisar hirar abokai, a birnin Yamai tana da gardamar da ba ta ƙarewa, kuma a tamu gardamar ita ce ta wanda ya fi kowa iya gashin nama a garin nan. Ɗan Bukoki zai rantse cewa babu kamar mahaucin bakin layinsu, ɗan Yantala ya ce wancan ai ƙona nama yake yi, wanda ya yi karatu a jami'ar Abdou Moumouni kuma ya jawo labarin wani mai balangu na Harobanda da ya ci a wurinsa shekara goma da suka wuce, wanda babu mai tabbacin ko har yanzu yana hura wuta. Da muka gaji da musu a kan shayi na uku, sai muka yanke shawarar mu tashi mu je mu ci da bakinmu, mu rubuta abin da muka tarar. Wannan jagora ta fito ne daga abin da muka koya a yawon, har da kurakuran da muka tafka a farkonsa.

Kafin a shiga matakai, ya kamata a san abin da ake son aunawa, domin sauran ƙa'idojin duka daga nan suka samo tushe. Kowane mahauci yana da yankan da yake ajiyewa a gefen tukuba saboda manyan abokan cinikinsa, kuma kowane mai shayi ya san wanda yake ƙara wa madara. Wannan ba laifi ba ne, haka ciniki ya gada, amma ba shi ne abin aunawa ba. Abin aunawa shi ne abin da baƙo zai samu, mutumin da ba a san sunansa ba kuma ba a san ubangidansa ba, wanda ya tsaya ranar Talata bayan isha'i da jikka guda, wato sefa 1,000, a hannu ya ce a yanko masa. Duk makin da aka bayar a kan wani abu dabam da wannan, yabon aboki ne kawai, kuma zai ɓatar da wanda ya ji shi ya ɗauki ƙafa ya je.

Mataki na farko: haɗa tawaga da asusu

Mutum biyar shi ne adadin da ya fi dacewa. Idan aka yi ƙasa da huɗu, ra'ayin mutum ɗaya zai rinjayi sakamako, idan kuma aka wuce shida, benci ɗaya ba zai ɗauke ku ba, kuma ayari irin wannan yana sa mai wurin ya gane akwai wata a ƙasa, nan take ya sauya hannu. A nemi bakunan da suka bambanta: mai son kitse da wanda ba ya ƙaunarsa, mai jure yaji da wanda yaji ke sa shi hawaye, mai shan shayi da ɗaci da wanda sai sukari ya ji. Idan akwai mai jin Zabarmanci sosai a sa shi cikin tafiyar, domin ko da yake mahauta da yawa a birnin Hausawa ne, matan da ke sayar da dambu da kopto sau da yawa da Zabarmanci ake ciniki da su, kuma gaisuwa da harshen mutum tana sakin fuskarsa.

A naɗa ma'aji, a naɗa marubuci. Kowa ya zuba kuɗi daidai da na ɗan'uwansa kafin a fita, kuma ma'aji ne kaɗai zai riƙa biya. Mu jikka biyu muka yanka wa kowane mutum a kowace fita, wato sefa 2,000, ban da kuɗin mota, amma kowace tawaga ta duba ƙarfin aljihun mafi ƙarancin hali a cikinta ta tsaya nan. Dalilin asusun ba na tattali ba ne kawai. Idan mutum ɗaya ya ɗauki nauyin kowa a wurin da shi ya zaɓa, kunya ba za ta bar sauran su kushe wurin ba, alhali suna lashe yatsu da kuɗinsa. Ma'aji ya tanadi ƙananan kuɗi tun da rana, ƴan dala ashirin da dala hamsin da dala ɗari, saboda wanda ya miƙa wa mai shayi takardar jikka goma da dare ya jawo wa kansa jiran canji, sa'an nan ya zo ya rage wa bawan Allah maki a kan jinkirin da shi ne sanadinsa.

Akwai wata magana da gara a gama ta a fada kafin a gama ta a bakin ƙofar mutane. Yamai tana da wuraren shaƙatawa irin waɗanda ake kira maki da Faransanci (sunan ya yi karo da makin da za mu bayar, amma ba su da dangantaka), inda ake gasa kaza da kifi, ake kiɗa, kuma ake sayar da giya. Tawaga ta faɗa wa juna gaskiya tun farko ko za ta shiga irin waɗannan wurare ko ba za ta shiga ba. Mu mun bar su a waje, saboda addini da kuma saboda ba mu son wani daga cikinmu ya zauna inda zuciyarsa ba ta kwanta ba, kuma ba mu rasa wuraren zuwa ba.

Mataki na biyu: rarraba wurare da rarraba gari

Ba a gwada mai shayi da mai balangu a mudu ɗaya. A raba wuraren gida-gida: masu gashin nama, wato balangu da tsire da gasasshiyar kaza ko zabo, masu kifi, masu shayi na tebur da ke haɗa burodi da ƙwai, sai masu abinci irin su dambu, shinkafa da wake, tuwo da malku. Kilishi shi ma a ba shi nasa gida, domin abin saye ne a tafi da shi, ba a zama a kansa. Tawagar da ke farawa ta ɗauki gida ɗaya ta gama da shi tukuna, kuma ina ba da shawarar a fara da nama, tun da a kansa aka fi gardama.

Daga nan sai a dubi taswira. Birnin yana da gundumomi 5, huɗu a gaɓar hagu ta kogin Isa, wato kogin Neja, ta biyar a gaɓar dama, inda Harobanda da Lamorde da Kirkisoy da Karaje suke. A haɗa unguwannin da ke maƙwabtaka a dare ɗaya: Bukoki da Lazare da kewayen kasuwar dabbobi ta Turaku, Yantala da Filato da Gudel, Zango da Kalle da bakin Babbar Kasuwa, Wadata da Talaje, sai Gamkalle da bakin kogi idan an zo kan kifi. Gaɓar dama a ba ta darenta ita kaɗai. Gadar Kennedy, wadda tun 1970 take ɗauke da masu ƙetarawa, takan cushe a lokacin tashi daga aiki, don haka wanda zai ƙetara kafin magariba ya duba ko gada ta biyu, wadda aka buɗe a 2011, ko ta Seyni Kountché ta 2021, za ta fi masa sauƙi daga inda yake.

Wajen zaɓen wurare, kowa ya kawo sunan wuri biyu, sa'an nan a ƙara da na mutanen da cin waje ya zame musu dole kullum: direbobin taksi, masu gadi, ma'aikatan asibiti masu kwanan aiki, leburorin kasuwar Katako. Da ɗan gari akan ci gari, kuma waɗannan su ne ƴan garin dare. Wuri goma sha biyu ya isa zagaye na farko.

Mataki na uku: zaɓen lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗin wannan yawo, ko da yake ƙurar hunturu tana nan, kuma ita kanta jarrabawa ce ga mai nama, domin a nan ake gane wanda ke rufe kayansa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, nama yana saurin lalacewa, kuma mutum ba ya iya cin abin kirki. Da damina hanyoyin wasu unguwanni sukan yanke, musamman na kusa da kogi, kamar yadda ambaliyar 2020 ta nuna wa mutanen gaɓar dama. A guji watan azumi, saboda cunkoson buɗe baki yana sauya komai, kuma bakin mai azumi ba alƙali ba ne. A guji makon da ke biye da babbar salla, lokacin da kowane gida ke cike da naman layya kuma mahauta da yawa suke hutu. A guji daren Asabar da ƙarshen wata idan albashi ya fito. Tsakiyar mako, tsakanin isha'i da ƙarfe goma, shi ne lokacin da wuri ke nuna ainihin fuskarsa, kuma duk wuraren da za a gwada da juna a je musu a kusan sa'a ɗaya, domin naman ƙarfe takwas da na sha ɗaya ba ɗaya ba ne ko a tukuba guda. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, kuma mai tuƙa babur ya sa hular kwano.

Mataki na huɗu: tsara takardar maki

Nan ne aikin yake. Mun zaɓi mu ba da maki bisa 20, kamar yadda aka saba mana a lakkol, saboda duk wanda ya zauna aji a Nijar ya san nauyin 10 da nauyin 16 ba sai an yi masa bayani ba. Mun raba su haka: 8 ga abincin kansa, 5 ga tsabta, 3 ga yawan abin da kuɗi ya saya, 2 ga tarba, 2 ga wurin zama. Wata tawaga tana iya sauya rabon, amma a sauya shi kafin fita ta farko, ba bayan an ga wurin aboki ya faɗi ba.

Maki 8 na nama ba a bayar da su da jin daɗi kawai, sai an san abin da ake dubawa. A fara da yanka guda ba tare da yaji ba, domin yaji mai ƙarfi yana rufe asirin naman jiya. Naman da aka yanka ranar yana da ruwa a jikinsa, yana rabuwa a haƙori ba tare da kokawa ba, kitsensa ya narke ya shiga tsoka. Wanda ya kwana aka sake ɗumamawa bayansa yakan bushe ya yi duhu, cikinsa ya yi kamar igiya, kuma kitsen yana daskarewa a dasashi tun kafin a haɗiye. A duba gashin: wuta mai harshe tana ƙona baya ta bar ciki ɗanye, garwashin da ya kwanta shi ke ratsa nama a hankali. A shinshina ko akwai warin kananzir ko na leda, domin wasu yaran tukuba da su suke tayar da wuta, kuma warin yana kama nama. A buɗe takardar a ga me aka haɗa: nawa ne tsoka, nawa ne kitse, nawa ne jijiya da ƙashi, kuma ko an sa hanta da ƙoda da tumbi ba tare da an nema ba. Bayan haka ne za a koma kan yaji, a ji ko ƙuli-ƙulinsa sabo ne ko ya fara warin tsohon mai, ko citta da masoro da kanumfari sun fito, ko kuwa gishiri da dunƙulen magi ne suka danne komai. Albasar da aka yanka a gabanka tana da ƙamshi da ƙarfi, musamman jar nan ta Galmi, wadda kuwa aka yanka tun la'asar ta yi laushi ta saki ruwa.

Ga kifi, tambaya ta farko ita ce na kogi ne ko na ƙanƙara da aka shigo da shi cikin kwali. A tambaya kai tsaye, kuma a rubuta amsar. Giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa kowanne da irin namansa, saboda haka a nemi iri ɗaya a duk wuraren da za a gwada. Ga mai shayi kuwa, a duba zafin ruwan, a duba ko burodin na ranar ne, a duba man da ake soya ƙwai ko ya yi baƙi, kuma a lura ko yana tambayar mutum yawan sukarin da yake so kafin ya zuba. Idan shayin buta ne, na farko ya zo da ƙarfinsa da kumfarsa, na biyu ya sassauta, na uku ya yi zaƙi, kuma wanda ukunsa suka zo da ɗanɗano ɗaya ya yi gaggawa.

Maki 5 na tsabta su ne suka fi sauƙin bayarwa bisa gaskiya, domin ido ne ke aiki, ba harshe ba. Sai dai a san inda za a sa idon. Fenti da fitila mai launi ba su ne tsabta ba. A dubi katakon yanka: shin a kansa ake sara ɗanyen nama kuma a kansa ake yanka gasasshe, da wuƙa ɗaya? A dubi hannun da ke karɓar kuɗi, ko shi ne ke damƙar nama ya zuba a takarda. A dubi ruwan wanke hannu, ko buta ce da sabulu ake zuba wa mutum, ko kwano ɗaya ne da kowa ke tsoma hannu tun magariba. A wurin mai shayi a leƙa bokitin ɗauraye kofi, wanda sau da yawa yake ƙarƙashin tebur, a ga launin ruwansa. Idan akwai ɗanyen nama a rataye, a nemi hatimin da masu duba lafiyar dabbobi ke bugawa a mayanka. A lura da nisan tukuba daga kwata da juji, da ko an rufe naman da ke jiran mai saye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙa'idojin da suka dace a riƙe a ka: nama ya dahu har cikinsa ya kai digiri 70, dafaffen abinci ya zauna da zafin da ya haura digiri 60 ko sanyin da bai kai digiri 5 ba, kuma kada ya wuce sa'a biyu a ajiye a fili. Babu wanda zai je tukuba da ma'aunin zafi, amma kowa yana iya ganin bambancin naman da ke gefen garwashi yana tururi da wanda aka tara a faranti ya huce. Abin naɗi ma a rubuta shi. Takardar buhun siminti da aka saba da ita, a duba ko ɓawon tsakiya ne mai tsabta aka yago, kuma naman da aka zuba da zafinsa cikin baƙar leda a rage masa, balle ma tun 2014 akwai dokar da ta hana irin wannan leda a ƙasar, ko da yake kowa ya ga yadda ta cika gari.

Mun sa wa kanmu doka guda a nan: wurin da ya samu ƙasa da 2 a tsabta ba ya shiga jerin waɗanda za mu tura mutane, ko da namansa ya cinye 8 ɗin nan duka.

Maki 3 na yawa su ne aka fi yin musu a kansu, saboda ido yana ruɗuwa da yadda aka baza nama a takarda. Maganin musun shi ne ƙaramin sikeli irin na ɗakin girki. A sayi na jikka guda a naɗe, a tafi da shi, a auna a fada, a cire ƙashi a sake aunawa. Kada a kuskura a fito da sikeli a gaban mahauci, wannan cin fuska ne. Tarba da wurin zama ba su buƙatar dogon bayani: ko an amsa sallama, ko an bi layi ko an tsallake talaka an sallami mai mota, minti nawa aka jira, ko akwai benci da haske da inda za a ajiye babur, ko hayaƙi yana bugun fuskar mai zama, ko mutum zai iya zuwa da iyalinsa ba tare da ya ji kunya ba.

Mataki na biyar: yadda ake zama a wurin

A je da ƴar yunwa, kada a je da yunwa mai tsanani, domin mai jin yunwa kowane nama daɗi yake yi masa, kuma wurin farko zai kwashe makin da bai cancanta ba. Kada a wuce wuri uku a dare ɗaya, kuma a ci kaɗan a kowanne, a kurkure baki da ruwa a tsakani. Lemun kwalba da bisap da lemun hari a bar su sai an gama, saboda zaƙi da citta suna dagula harshe.

Wanda mai wurin bai sani ba shi ne zai yi magana. Ya yi sallama kamar kowa: "Salamu alaikum, sarkin fawa, sannu da aiki, ina kasuwa?" Idan aka amsa masa da "Kasuwa sai godiya, samari, na nawa za a yanka?" sai ya faɗi kuɗin da aka yi shawara, ba tare da ya nuna yankan da yake so ba, domin ana son a ga abin da hannun mahaucin zai ɗauko da kansa. Ɗanɗanon da ake miƙowa a bakin wuƙa a karɓa a yi godiya, amma kada a ba shi maki, tun da an san daga mafi kyawun wuri ake yanko shi. Abin lura shi ne ko abin da aka naɗo ya yi kama da abin da aka ɗanɗana. Kada a fito da takarda da alƙalami, kada a ɗaga salula ana ɗaukar hoton mutane da kayansu ba da izini ba, kuma kada a yi ta sharhi da ƙarfi a kan benci. Gyara idan ta zo da kanta a karɓa a rubuta, amma kyauta dungurungum ba a karɓarta.

Wannan doka ta ƙarshe da tsada muka saye ta. A fitarmu ta biyu wani daga cikinmu ya kai mu wurin wani mahauci da suka fito gari ɗaya. Tun daga nesa mutumin ya taso da fara'a, ya kori yara daga benci, ya janyo wani ƙunshi daga gefen wuta ya yanka mana tozo da hanta masu ɗiga mai, ya yayyanka albasa sabuwa, da muka zo biya kuma ya rantse ba zai karɓi ko dala ba. Muka ba shi 18, muka yi ta yaɗa labarinsa. Bayan mako biyu muka aiki ƙanen ma'ajinmu, wanda mahaucin bai taɓa gani ba, da jikka guda. Da aka buɗe takardar a tsakiyar fada, jijiya ce da guntun ƙashi da kitse mai sanyi, tsokar da ke ciki ba ta fi yanka huɗu ba. Wanda ya kai mu ya ɗauki yanka ɗaya ya daɗe yana taunawa, bai ce komai ba. Tun daga ranar, wanda ya san mai wuri yakan tsaya nesa har a gama ciniki, kuma makinsa ba ya shiga lissafin wannan wurin.

Mataki na shida: ba da maki da lissafi

Da an bar wurin, kafin kowa ya buɗe baki, kowane mutum ya rubuta makinsa shi kaɗai, a takarda ko a salula, ya miƙa wa marubuci. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin a kowace fada akwai wanda muryarsa ta fi ta kowa, kuma akwai babban da ƙanana ba su son saɓa masa. Idan shi ya fara cewa naman ya yi, sauran za su bi. Bayan an tattara ne za a buɗe gardama, kuma gardamar ba ta sauya abin da aka riga aka rubuta.

Wajen lissafi a cire maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a raba sauran. Misali, idan mutum biyar suka ba da 12, 13, 14, 14 da 19, jimla 72 ke nan, wanda idan aka raba biyar zai ba da 14.4. Amma 19 ɗin nan ta fita dabam, wataƙila mai ita yunwa yake ji ko yajin ya dace da bakinsa. Idan aka cire ta aka cire 12, saura 13, 14 da 14, jimla 41, a raba uku a samu 13.7, kuma wannan ya fi kusa da abin da yawancin tawagar suka ji. Marubuci ya ajiye makin kowane fanni dabam, domin wuri biyu suna iya tashi da 14 alhali ɗaya nama ne ya ɗaga shi, ɗayan kuma tsabta da wurin zama, kuma mai neman inda zai kai baƙi da mai neman abin da zai naɗe ya kai gida ba abu ɗaya suke nema ba. A ƙara da jimla biyu ko uku na bayani a ƙarƙashin lambar. Washegari da safe marubuci ya tambayi kowa lafiyar cikinsa ya rubuta, amma a yi hattara: idan an ci a wuri uku a dare ɗaya, babu hujjar ɗora ciwon ciki a kan ɗaya daga cikinsu.

Mataki na bakwai: komawa, sa'an nan sanarwa

Zuwa ɗaya ba ya yanke hukunci. Mahauci yana iya samun ragon da bai yi ba, yana iya kasancewa da rashin lafiya a gida, ana iya ɗauke wuta a daren. A koma kowane wuri sau biyu aƙalla, a rana dabam, kuma a juya jerin, wanda aka fara da shi a zagayen farko ya zama na ƙarshe a na biyu. Idan makin zuwa biyun ya bambanta da fiye da 3, a koma na uku.

Idan aka zo sanar da mutane, ko a rukunin WhatsApp na unguwa ne ko a Facebook, a tuna cewa abin da ya zame wa tawaga nishaɗi, ga mai tukuba shi ne abincin gidansa da kuɗin makarantar ƴaƴansa. Mu waɗanda suka samu 12 zuwa sama kaɗai muke bayyanawa, da kwatancen wuri da lokacin da ya fi dacewa a je da abin da ya kamata a nema. Waɗanda suka faɗi suna nan cikin littafinmu, ba mu kai sunansu kasuwa. Abin da ido ya gani shi ake faɗa, kuma zargi irin na cewa wane yana sayar da mushe ko naman da ba a san asalinsa ba, ba a furta shi a kan zato, domin magana ɗaya irin wannan tana iya rufe sana'ar shekara ashirin.

Inda aka ga gyaran da mai wurin zai iya yi da kuɗi kaɗan, babban tawaga ya koma shi kaɗai da rana, lokacin da babu masu saye, ya gaishe shi ya ce: "Baba, namanka ya yi mana daɗi ƙwarai, sai dai da za a samu wani katako dabam saboda ɗanye, da buta da sabulu a gefen benci, da mun fi sakin jiki mu kawo baƙinmu." Wasu za su ɗaure fuska, wasu za su yi godiya, kuma wanda ya gyara a sake zuwa a sabunta makinsa.

Kowane maki a rubuta masa kwanan wata, kuma a ɗauka cewa bayan wata shida ya tsufa. Farashin dabbobi yana hawa yana sauka tsakanin rani da kaka da gabanin layya, sai na jikka guda ya ƙaru ko ya ragu, kuma yaran tukuba sukan tashi su buɗe tasu a wata unguwa su tafi da gwanintarsu. Saboda haka marubuci ya ware layi guda a ƙasan kowace takarda, ya rubuta wanda ya tarar a kan wuta a daren, maigidan ne da kansa ko yaronsa, kuma idan yaron ne, wanne daga cikinsu.